Waken Gwangwani da Waken Buhu: Wanne Ya Fi ga Mai Son Rage Ƙiba?

Jama'a, darasinmu na yau a kan wake ne. Ba mu ne muka zaɓe shi ba, wani ɗan aji ne ya jawo shi.

Ran nan mun je duba wani aji a wani ƙauye na ƙasar Bakura. Da aka tashi, kowa ya kama hanya, sai wani dattijo ya tsaya. Ya sa hannu aljihu ya fito da gwangwani, ya ajiye bisa tabarma. Ya ce, "Malam, ina da tambaya. Na je asibiti an auna ni, an ce jinina ya hau. Likita ya ce in rage jiki, in rage gishiri, in riƙa cin wake. Da ɗana na Kano ya ji labari, sai ya aiko mini da wannan, katan guda. Ya ce waken Turawa ne, ya fi namu. Ga shi kuwa ina da buhu biyu a ɗaki, wanda na noma da hannuna. In katan ya ƙare, in sayar da buhun in sayo gwangwani, ko ƙaƙa?"

Muka ce, "Baba, tambayarka ba taka ba ce kai kaɗai. Bari mu kai ta gaban aji duka."

To, ga shi mun kawo. Ku karanta a hankali, gama magana ce ta lafiya, kuma magana ce ta kuɗi.

1. Ƙiba ba arziki ba ce

A wurinmu in an ga mutum ya aje tumbi, a kan ce ya samu. In mace ta yi jiki, a kan ce mijinta yana kula da ita. Amma likitoci sun tabbatar ƙiba mai yawa ita ke buɗe wa hawan jini ƙofa, da ciwon suga, da ciwon zuciya, da ciwon gwiwa.

Ga yadda abin ya ke. Abinci shi ke ba jiki ƙarfi. Akwai ma'aunin wannan ƙarfi, sunansa kalori. Kamar yadda a ke auna hatsi da tiya, haka a ke auna ƙarfin abinci da kalori. Babban mutum yana bukatar wajen kalori 2,000 zuwa 2,500 a yini. Mai noma da fartanya tun safe har azahar yana bukatar fiye da haka. Mai zama cikin shago bukatarsa ba ta kai ta manomi ba.

In manomi ya sami hatsi fiye da abin da gidansa zai ci, ya kan zuba saura a rumbu. Jiki ma haka ya ke yi. In an ba shi fiye da abin da zai yi aiki da shi, sai ya mai da saura kitse ya ajiye. Tumbi rumbun jiki ne. Bambancinsu ɗaya: rumbun hatsi in ya cika a kan yi murna, na jiki in ya cika sai asibiti.

Kowa yana iya gwada kansa a gida, ba sai da sikeli ba. Sami igiya, ka yanke ta daidai tsawonka, daga ƙafa zuwa tsakar ka. Ninka ta biyu. Sa'an nan ka zagaya cikinka da ita, bisa cibiya kaɗan. In bakin igiyar biyu sun haɗu, madalla. In sun ƙi haɗuwa, tumbi ya yi yawa, sai a nemi ragewa.

2. Ƙasarmu ƙasar wake ce

Cikin duniya duka babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman irin wakenmu. Mai bi mata ita ce maƙwabciyarmu, Jamhuriyar Nijar. Mafi yawansa kuwa nan Arewa a ke noma shi. Kakanninmu sun saba shuka shi tsakanin gero da dawa. Mutum ya ci 'ya'ya, dabba ta ci harawa, gona kuma ta ƙaru, gama saiwar wake tana ƙara wa ƙasa taki.

Mu mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun muna da wani abu kuma. An fara ginin madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1974, aka gama cikin 1978. An shirya ta don ban ruwa ga fili wajen hekta 23,000. Tun daga nan noman rani ya ƙaru. Shinkafa ta yawaita, ga tumatir, ga albasa, ga tattasai. Wannan alheri ne. Amma ku duba akushinku. Gidan da dā tuwon dawa ne abincinsu, yanzu farar shinkafa ce da mai. Tafiyar da dā a ke yi a ƙasa, yanzu babur ne. Ci ya ƙaru, motsi ya ragu. Don haka ne ƙiba, wadda dā mu ke cewa ta mutanen birni ce, ta fara leƙo ƙauye.

Duniya ma ta san darajar wake. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2016 don wake da danginsa, kuma kowace shekara ran 10 ga Fabrairu a kan tuna da su.

3. Abin da ke cikin wake

Me ya sa likita ya ce wa dattijon nan ya ci wake? Dalili uku ne.

Na fari, wake yana da abin gina jiki, wanda a ke kira furotin. Shi ne kuma a ke samu cikin nama da kifi da ƙwai. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne.

Na biyu, yana da wani abu mai kama da dusa, wanda ciki ba ya narkar da shi. Likitoci suna ce masa faiba. Shi ke sa abinci ya daɗe a ciki, shi ke hana suga hawa cikin jini farat ɗaya, shi ke kuma sauƙaƙa bayan gida.

Na uku, wake ba shi da mai sai ɗan kaɗan ƙwarai.

Kowa ya san wanda ya ci wake da safe ya kan kai azahar bai nemi kome ba sai ruwa. Wanda ya ci farar shinkafa tsura, kafin rana ta take yunwa ta komo. To, wannan riƙon ciki shi ne amfanin wake ga mai son rage jiki. Ba magani ba ne da ke narkar da kitse. Abinci ne da ke hana ka yawan ci.

Ga lissafi. Busasshen wake giram 100 yana da wajen kalori 340. In an dafa shi ya kan sha ruwa ya kumbura, ya ninka biyu da wani abu. Saboda haka dafaffen wake giram 100, wanda ba a sa masa kome ba, wajen kalori 115 ne kaɗai. Ku riƙe wannan lamba, 115, za mu komo kanta.

4. Abin da ke cikin gwangwani

Sa abinci cikin gwangwani tsohuwar dabara ce. Wani Bafaranshe, Nicolas Appert, shi ya gano in an rufe abinci ruf cikin kwalba, aka tafasa, ya kan daɗe bai lalace ba. Ya buga littafin dabararsa cikin 1810. A wannan shekara kuma wani mutumin Ingila, Peter Durand, ya yi rajistar yin haka da gwangwani. Sojoji da matuƙan jirgin ruwa su suka fara amfana da shi, domin suna tafiya inda ba kasuwa, ba murhu. Ku lura fa, an ƙago gwangwani don abinci ya daɗe, ba don ya fi na tukunya lafiya ba.

Waken gwangwani dafaffe ne tun daga masana'anta. Iri biyu a ke samu. Akwai wanda a ke zubawa cikin ruwan gishiri kawai. Akwai kuma wanda a ke zubawa cikin jan romon tumatir mai zaƙi. Wannan na biyu shi ya fi yawa a kantunanmu, shi ne kuma dattijo ya kawo. Waken da ke ciki ba irin namu ba ne, wani ƙaramin farin wake ne na ƙasashen waje. Amma dangi ne, amfaninsu ga jiki kusan ɗaya.

A jikin kowane gwangwani an rubuta abin da ke ciki. Rubutun da Turanci ya ke, amma lambobin su ne waɗanda kuka koya a aji. Ku sa malamin aji ya nuna muku kalmar sukari da ta gishiri, sauran kuwa ku da kanku za ku karanta.

Ga abin da a kan samu cikin babban gwangwani mai romo, mai nauyin wajen giram 400:

Wake: wajen rabin abin da ke ciki ne kurum. Sauran tumatir ne da ruwa da kayan haɗi.

Sukari: wajen giram 20, watau ƙaramin cokalin shayi biyar. Kaɗan daga ciki na tumatir ne, sauran zuba shi aka yi.

Gishiri: wajen giram biyu da rabi.

Kalori: wajen 330.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau ƙaramin cokali guda a shafe. Ashe gwangwani ɗaya ya cinye rabin gishirin yini, tun ba a zo ga miyar dare ba. Mai hawan jini kuwa gishiri ne babban abokin gābansa. Game da sukari, hukumar ta ce kada a wuce wajen ƙaramin cokali 12 a yini, in an tsaya a shida ya fi kyau. Gwangwani ɗaya ya kai kusa da shidan nan.

Amma sai mu faɗi gaskiya. Kalori 330 ba yawa ba ne ga cin abinci guda. Waken gwangwani ba guba ba ne, kuma ba shi da mai. Laifinsa uku ne: wake kaɗan, gishiri da yawa, da sukarin da ba ka nema ba. Abin da ya fi muni, ba da hannunka aka zuba ba, ba ka kuwa da ikon cewa a rage.

5. Tukunya ma tana da nata laifi

Kada wani ya ce, "To, shi ke nan, namu ya fi," ya tafi gida ya ci gaba da yadda ya saba. Tsaya tukuna. Mu leƙa madafi.

An dafa wake da shinkafa, an zuba a kwano. Me ke biye? Mai. Ba a auna shi, da kwalba a ke tsiyayawa, har sai ya kwanta a gindin kwano. To, ku ji. Babban cokali guda na mai, ko na gyaɗa ko manja ko man shanu, wajen kalori 120 ne. Kun tuna da lambarmu, 115? Watau cokali ɗaya na mai ya yi daidai da dafaffen wake giram 100. In ka zuba cokali uku, ka ƙara kalori 360. Man nan kaɗai ya fi gwangwanin dattijo duka, da wakensa da romonsa da sukarinsa. Ga shi kuwa mai ba ya cika ciki.

Bayan mai sai gishiri. A kan sa cikin tukunya, a sa cikin yaji, a kuma barbaɗa bisa abinci. Sa'an nan ga dunƙulen miya, wanda wajen rabinsa gishiri ne. Waɗansu har su kan murmushe shi bisa garau-garau.

Sai kanwa. A kan jefa ta don wake ya nuna da wuri. Abin da ke cikin gishiri mai tā da hawan jini, watau sodiyam, akwai shi cikin kanwa. Tana kuma kashe wani sashi na bitamin da ke cikin wake.

Daga ƙarshe, in an ci an ƙoshi, sai a kora da lemon kwalba. Kwalba guda tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali takwas ko tara. Ta fi gwangwanin wake sukari nesa.

Kun gani ke nan, ba gwangwani ko buhu ne ke raba gardama ba. Wake wake ne. Abin da aka haɗa shi da shi, shi ke sa ƙiba ko ya hana. Fifikon waken buhu shi ne, ya zo maka tsura, ba gishiri, ba sukari, ba mai. Abin da zai shiga cikinsa, hannunka ne zai zuba. In hannun ya san ma'auni, waken buhu ya fi. In bai sani ba, gwangwani ma ya fi shi sauƙi.

6. Abincinmu na wake, ɗaya bayan ɗaya

Dafaffen wake tsura. Shi ne sarki ga mai rage jiki. A yanka masa albasa da tumatir da tattasai, a sa mai cokali ɗaya.

Faten wake. Yana da kyau ƙwarai, musamman in an cika shi da alayyahu ko zogale ko kabewa. Ruwa da ganye suna cika ciki, kalorinsu kuwa kaɗan ne.

Wake da shinkafa. Yawancin gidaje shinkafa ce da ɗan wake jefi-jefi. A juya lissafin. Wake ya zama rabi, ko ya fi. Dafaffiyar farar shinkafa giram 100 wajen kalori 130 ce, ba ta fi wake da yawa ba, amma ba ta riƙe ciki kamarsa.

Alala. Turara ta a ke yi, ba suya ba, saboda haka tana da kyau, in dai ba a cika mata mai cikin ƙullu ba.

Ɗanwake. Sunansa ya fi shi wake. Sau da yawa garin rogo ko fulawa ya fi yawa a ciki, ga kanwa, ga mai a kai. A ci kaɗan, a yawaita masa kabeji da tumatir.

Ƙosai. Wake ne, amma cikin mai ya yi wanka. Naɗe shi cikin takarda ka ga yadda za ta jiƙe. Mai son rage jiki ya mai da shi abin marmari, ba karin kumallon kullum ba.

7. Yadda za a dafa

Ɗaya. Tsince wake, wanke shi sosai.

Biyu. Jiƙa shi tun da dare. Da safe zubar da ruwan, sa sabo. Jiƙaƙƙen wake ya fi saurin nuna, ba ya cin itace da yawa, ba ya bukatar kanwa, kuma kumburin ciki ya kan ragu.

Uku. Sa gishiri kaɗan. Nemi ɗanɗano wajen albasa da daddawa da tafarnuwa da citta da barkono. Harshe ya kan saba. Bayan 'yan makonni abin da dā ka ke ji daidai, za ka ji gishirinsa ya yi yawa.

Huɗu. Auna mai da cokali, kada a tsiyaya da kwalba. Cokali ɗaya ga mutum ɗaya ya isa.

Biyar. Mai rage jiki ya ɗebi nasa cikin kwano dabam. Wanda ke ci cikin taro ba ya sanin iyakar abin da ya ci. Rabin kwanon ya zama ganye, kamar zogale ko rama ko kabeji.

Shida. A kora da ruwa.

Wanda bai saba cin wake kullum ba ya fara da kaɗan, ya riƙa ƙarawa. Ciki ya kan saba da shi.

Wannan aiki ba na maigida ba ne shi kaɗai. Uwargida ce ke riƙe da ludayi. In an ce wa maigida ya rage gishiri da mai, bai kuwa gaya wa mai girki dalili ba, an yi aikin banza. Ku karanta mata wannan darasi, ko kuwa ita ta karanta muku.

8. Maganar kuɗi

Mun ce wake rabin gwangwani ne, watau wajen giram 200 dafaffe. In an mai da shi busasshe, bai cika gwangwanin madara ɗaya ba. To, ran kasuwa ku tambayi kuɗin waken gwangwani a kanti. Ku tambayi kuma kuɗin busasshen wake cikin gwangwanin madara ɗaya wurin masu awo. Ku ɗora wannan bisa wancan, ku ga rata. Mai sayen gwangwani yana biyan kuɗin ƙarfe, da kuɗin masana'anta, da kuɗin jigila, da ribar mai kanti. Kuɗin waken kansa shi ne mafi ƙanƙanta. Manomin da ya sayar da wakensa don ya sayi na gwangwani, ya sayar da akuya ta komo tana ci masa danga.

9. In dole sai gwangwani

Gwangwani yana da ranarsa. Direban babbar mota a kan hanya, da ɗalibi a makarantar kwana, da baƙon da ba shi da murhu, a gare su ya fi burodi da lemon kwalba. Wanda ya sami kansa haka, ga abin da zai yi.

Ya nemi irin na ruwan gishiri, ba mai romo ba. Ya tsiyaye ruwan, ya ɗauraye waken da ruwa mai tsabta. Yin haka ya kan fid da wajen kashi 40 cikin 100 na gishirin.

In mai romo ne kaɗai ya samu, ya ci rabi, ya ƙara da tumatir da albasa, kada ya ƙara gishiri ko dunƙule.

Ya duba kwanan watan da aka buga a jikinsa, kada ya sayi wanda ya wuce lokaci. Ya duba lambar NAFDAC, watau hukumar da aka kafa cikin 1993 don lura da abinci da magani.

Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko yana yoyo, ko ya lotsa wajen baki, a yar da shi. Kada a ko ɗanɗana. A cikin irinsa a kan sami dafi mai kisa.

In an buɗe, a juye cikin kwano mai murfi. Inda ba firji, a cinye shi nan take, kada ya yini, balle ya kwana.

10. Waken buhu ma sai da lura

Abokin gāban busasshen wake ƙwaro ne. Don tsoronsa waɗansu su kan zuba wa wake maganin ƙwari mai ƙarfi, irin wanda ba don abinci aka yi shi ba. Wannan ganganci ne da rai. Saboda shi ne ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya cikin 2015. Wanki ba ya fid da maganin duka. In ka ji wake yana warin magani a kasuwa, bar shi.

Akwai hanyar ajiya ba da magani ba. A shanya wake ya bushe ƙayau. A zuba cikin jarka ko duro mai tsabta, a cika har baki, a toshe ruf. In iska ta ƙare ƙwaro ya mutu. Akwai kuma buhu mai riɓi uku, wanda a ke kira PICS, leda biyu ciki da buhu ɗaya waje. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi tare da masanan Afirka. A ɗaure kowane riɓi dabam, kada a bari ya huje. Wake ya kan yi watanni a ciki lafiya lau.

11. Waɗanda wannan darasi bai shafa ba

Rage jiki ba na kowa ba ne. A ƙauyukanmu masu bukatar ƙarin abinci sun fi masu bukatar ragewa yawa. Yara ƙanana, da mace mai ciki, da mai goyo, da wanda ya tashi daga ciwo, kada a rage musu kome. Su wake da mai ya dace da su. Man da aka rage daga kwanon maigida, a ƙara shi cikin na yara.

Wanda kuma ya ga yana ramewa ba dalili, ga yawan ƙishirwa da yawan fitsari, kada ya yi murna. Ya hanzarta zuwa asibiti. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ya yawaita wake. Wanda aka ba maganin hawan jini ko na suga, kada ya bar sha don ya fara cin wake. Abinci yana taimakon magani ne, ba ya maye gurbinsa.

Kada kuma a yi gaggawa. Tumbin da aka yi shekara goma ana tarawa ba ya tafiya cikin kwana goma. In mutum yana rage rabin kilo a mako, ya yi ƙoƙari. Ya haɗa da tafiya a ƙasa wajen rabin sa'a kullum. Sannu ba ta hana zuwa.

12. Amsar da muka ba dattijo

Da muka koma ƙauyen nan, muka sami dattijo a ƙofar aji. Muka ce, "Baba, kada ka sayar da buhunka. Ɗanka ya yi don ƙauna, ka sa masa albarka. Amma wannan mai romo gishirinsa ya yi maka yawa. Ka raba wa masu tafiya. In zai sāke aike, ka ce ya aiko da kuɗin magani da na zuwa awo. Abin da likita ya ce ka ci yana nan cikin ɗakinka."

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, Malam, ashe ba wake zan sāke ba, hannun mai zuba mai zan riƙe."

Muka ce, "Ka gane darasi duka."

Tambayoyi

1. In jiki ya sami abinci fiye da bukatarsa, ina ya ke kai saura?
2. Yaya a ke gwajin igiya?
3. Faɗi abu uku da suka sa wake ya dace da mai son rage jiki.
4. Gishiri nawa ya kamata babban mutum ya tsaya a kai cikin yini?
5. Me za ka yi da gwangwanin da ya kumbura?
6. Su wane ne ba za a rage wa abinci ba?

Lissafi

1. Cokali ɗaya na mai kalori 120 ne. Cokali huɗu nawa ne?
2. Wani yana zuba mai cokali uku kullum, ya koma cokali ɗaya. Kalori nawa ya rage a yini? Nawa a mako?
3. Ƙaramin cokali ɗaya na sukari giram 4 ne. Giram 20 cokali nawa ne?

Rubutu

Kowa ya rubuta wannan sau uku cikin littafinsa: Jiƙa wake da dare. Auna mai da cokali. Rage gishiri.

Mako mai zuwa kowa ya zo da igiyarsa.